Idan manhaja ce ta tsawwala farashi, wa za a kama?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu tsoma baki a maganar ƙirƙirarriyar basira, ta wani gefen da ba a cika taɓawa ba. Galibin abin da ake rubutawa bai wuce ayyukan yi da ake tsoron za ta ƙwace ba, ko ɗaliban da ke sa ta yi musu jinga. Mu hankalinmu yana kasuwa ne. Kamfanoni sun fara danƙa wa manhaja aikin yanka farashi, da amsa tambayar mai saye, da tantance wanda za a ba bashi, alhali dokokin hana haɗa baki da yaudara ba domin irin wannan aka rubuta su ba.

Waɗannan dokoki, kusan a kowace ƙasa, sawun mutum suke nema: wa ya kira wa a waya, su wa suka zauna a ɗaki ɗaya, wane ne ya gaya wa mai saye abin da ba haka yake ba. Manhaja tana iya jawo ɓarna iri ɗaya ba tare da an yi zama ko an buga waya ba, kuma duk bayanin yadda abin ya faru yana cikin kwamfutocin kamfanin da ake zargi. Ra'ayinmu shi ne nauyin ajiye hujja da nauyin yin bayani su hau wuyan kamfanin da ya ɗora manhajar, tun da shi ke cin ribarta.

Haɗa baki kan farashi ya fi komai sarƙaƙiya, saboda haka a nan za mu daɗe.

Wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne wanda mutane suka ƙulla da bakinsu, suka bar wa manhaja zartarwa. A shekarar 2015 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta gurfanar da wani mai sayar da fostocin bango a dandalin Amazon. Ya amsa cewa shi da abokan hamayyarsa sun amince kan farashi, sannan ya rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta riƙa daidaita farashin bisa yarjejeniyar. An ci shi tarar dala 20,000. A 2016 hukumar kula da gasa ta Birtaniya ta ci kamfanin Trod tarar fam 163,371 kan irin wannan laifi. Abokin ƙullinsa, GB eye, shi ya kai rahoto, aka yafe masa tara. Kowannensu ya saita manhajarsa ne ta yadda ba za ta karya farashin ɗayan ba.

Wannan tsohon laifi ne, doka ta san shi. Abin da manhaja ta ƙara masa shi ne tsawon rai. Masu haɗa baki kullum suna ɗauke da abin da zai wargaza su, domin kowannensu yana kwaɗayin ya rage kuɗi a ɓoye, ya kwashe masu saye kafin sauran su farga. Idan sai bayan mako biyu za a gane ya karya farashi, ya riga ya ci ribar mako biyu. Amma idan manhajar abokin hamayyarka tana leƙa farashinka duk bayan 'yan mintoci, tana biyo ka ƙasa nan take, to ragin bai jawo maka ko mutum ɗaya ba, riba kawai ka zubar. Da zarar kowa ya gane haka, ba wanda zai sake ragewa. Saurin nan da ake tallatawa a matsayin alheri ga mai saye shi ke kashe dalilin yin ragi tun farko.

Sai kuma inda 'yan kasuwar ba su taɓa magana da juna ba, amma duk manhajar kamfani ɗaya suke haya. Kamar dillali ɗaya ne da kowane ɗan kasuwa ke raɗa wa sirrin cinikinsa, shi kuma ya zagaya yana gaya wa kowa nawa zai sayar. Kotun Tarayyar Turai ta taɓa wannan a watan Janairun 2016, a shari'ar Eturas da ta taso daga ƙasar Lituwaniya. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye kusan 30 suna amfani da tsarin intanet ɗaya wajen sayarwa. Mai kula da tsarin ya aika musu saƙo cewa daga yanzu ragin da za a yi wa mai saye ba zai wuce kashi 3 cikin 100 ba, ya kuma saita tsarin a haka. Kotu ta ce kamfanin da ya san da saƙon ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda yake ciki, sai dai idan ya fito ya nesanta kansa, ko ya kai ƙara ga hukuma, ko ya nuna ya ci gaba da ba da ragin da ya zarce haka. Wato shiru ma amsa ce.

Wadda ta fi girma ita ce ƙarar da ma'aikatar shari'a ta Amurka da jihohi takwas suka shigar a watan Agustan 2024 kan kamfanin RealPage, mai manhajar da ke ba masu manyan gidajen haya shawarar kuɗin da za su sa. Bisa ƙarar, kowane mai gida yana tura wa kamfanin bayanan da ba a sanar wa jama'a: ainihin kuɗin da ɗan haya ya sa hannu a kai, ba wanda aka rubuta a talla ba, da tsawon yarjejeniyar, da yawan ɗakunan da za su zama fanko nan gaba. Manhajar tana haɗa na kowa, ta fitar wa kowa shawara. Akwai saitin karɓar shawarar kai tsaye, ma'aikacin da ya ƙi karɓa kuwa sai ya ba da dalili. Gwamnati ta ce kamfanin yana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na kasuwar irin wannan manhaja. RealPage ya musanta, ya ce shawara kawai yake bayarwa, mai gida yana da ikon ƙi. A ƙarshen 2025 aka cimma sulhu ba tare da ya amsa laifi ba, kuma sharuɗɗan sun cancanci a duba su: ba zai ƙara amfani da sirrin wannan mai gida wajen yanka wa wancan farashin yau ba, sannan bayanan sirrin da zai horar da manhaja da su sai sun kai wata 12 da tsufa.

Wannan ya nuna inda mai bincike zai dosa. Kafin ya shiga lissafin da ke cikin manhajar, ya fara tambayar abin da ake zuba mata. Bayanan na wane ne? Na jiya ne ko na bara? An gauraya su ta yadda ba za a gane mai su ba, ko kuwa mai ido zai iya tsinto na kowa? Hayar manhaja ɗaya ita kaɗai ba laifi ba ce, kuma kotunan Amurka sun kori wata ƙara da aka kai kan otal-otal na Las Vegas domin masu ƙarar ba su nuna an haɗa sirrin juna ba, ba su kuma nuna otal-otal ɗin sun ɗaure kansu da bin shawarar ba. Tun 1996 Amurka tana da wani ma'auni da aka rubuta domin ɓangaren lafiya, sauran 'yan kasuwa suka ara: musayar bayanai ba ta da haɗari idan wani na daban ne ke tattarawa, bayanan sun wuce wata uku, sun fito daga aƙalla kamfanoni biyar, kuma ba wanda nasa ya zarce kashi 25 cikin 100 na jimillar. A watan Fabrairun 2023 ma'aikatar shari'a ta janye shi, jami'anta suna cewa na'ura mai koyo tana iya warware abin da aka gauraya, ta kuma ciro amfanin yau daga bayanan da ake ganin sun tsufa. Duk hukumar da ta kwafi wancan ma'auni ya kamata ta sake dubawa.

Wanda ke hana lauyoyi barci shi ne inda babu yarjejeniya, babu dillali. Kowane kamfani ya ɗora tasa manhajar, ya ce mata abu ɗaya: ki nemo riba mafi yawa. Ba a koya mata komai game da abokin hamayya ba. Tana gwada farashi, ta ga ribar da ta shigo, ta ajiye, ta sake gwada wani, har ta gane abin da ya fi biya a kowane hali. Wasu masana tattalin arziki a Jami'ar Bolonya ta Italiya sun haɗa irin waɗannan manhajoji biyu a kasuwar gwaji, suka wallafa sakamakon a 2020. Manhajojin sun tsaya a farashin da ya fi na gasa tsada. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne da aka tilasta wa ɗaya ta rage kuɗi, sai ɗayar ta rage nata a matsayin horo, sannan a hankali suka koma sama tare. Ladabtar da wanda ya karya farashi, a kuma yafe masa bayan ɗan lokaci, shi ne ainihin halin masu haɗa baki, ga shi an koye shi ba tare da ko kalma ɗaya ta shiga tsakani ba.

Kada a zuzuta wannan fiye da kima. A cikin kwamfuta aka yi gwajin, kuma sai da aka yi zagaye dubu ɗaruruwa kafin su daidaita, lokacin da kasuwar gaske ba ta tsayawa jira. Amma akwai shaida daga kasuwar gaske. A Jamus, tun 2013 doka ta wajabta wa gidajen mai su riƙa sanar da hukuma duk canjin farashi cikin minti biyar, ana kuma sake wa jama'a bayanan. An yi haka ne domin direba ya san inda ya fi araha. Wajajen 2017 manhajojin yanka farashi suka yaɗu a gidajen man. Masu binciken da suka bi diddigi sun gano cewa a inda gidan mai biyu ko uku ne kawai ke gasa, riba ba ta ƙaru ba idan ɗaya ne ya ɗora manhaja, sai idan duka suka ɗora. Kuma ba nan take ta ƙaru ba, sai bayan kamar shekara guda, abin da ya fi kama da koyo a hankali. Bayanan da aka buɗe domin mai saye, manhaja ta fi shi saurin karantawa.

A nan doka take da giɓi. Kallon farashin maƙwabci ka bi shi ba laifi ba ne a mafi yawan ƙasashe, domin ba za a ce wa ɗan kasuwa ya rufe idonsa ba. Tun a 2017 kwamishiniyar gasa ta Tarayyar Turai ta lokacin, Margrethe Vestager, ta ce kamfani ba zai laɓe bayan kwamfuta ya tsere wa alhaki ba, kuma a gina manhajar tun asali ta yadda ba za ta iya haɗa baki ba. Magana ce mai kyau, amma sai an fassara ta zuwa aiki. Aikin kuwa mai yiwuwa ne. Kafin a saki manhaja, a sa ta a kasuwar gwaji tare da kwafinta. A tilasta wa ɗaya ta rage farashi na zagaye ɗaya, a zuba ido. Idan ɗayar ta bi ta ƙasa, sannan suka haura tare zuwa inda suke da, an ga alamar. Magani shi ne a taƙaita abin da take tunawa na tarihin farashin abokin hamayya, ko a rage yawan sau da take canza farashi a rana, ko a hana ta ɗaukar farashin wani kamfani guda a matsayin abin bi. A maimaita gwajin duk lokacin da aka sake horar da ita, domin manhajar watan jiya ba ita ce ta wannan watan ba.

Ba ma sai manhaja ta yi wayo take ɓarna ba. A watan Afrilun 2011 wani tsohon littafin kimiyya kan halittar ƙuda ya kai sama da dala miliyan 23 a Amazon. Masu sayarwa biyu ne: ɗaya ya saita nasa ya zama 0.9983 na farashin ɗayan, wancan kuma ya saita nasa ya ninka na wannan sau 1.27. Kullum farashin yana ƙaruwa da kusan kashi 27 cikin 100, ba wanda ya sa masa rufi, ba wanda ya leƙa. Abin dariya ne domin ba wanda ya saya. Da a ce ƙarin kashi 3 ne ya tsaya a haka, kan kayan da kowa ke buƙata, da ba wanda zai lura, kuma kowa zai biya.

Babban kamfani shi kaɗai ma yana iya jan kasuwa sama. A ƙarar da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, wato FTC, ta shigar kan Amazon a watan Satumban 2023, ta yi zargin cewa kamfanin yana da wani tsari mai suna Nessie da ke gano kayan da sauran shagunan intanet ke bin farashin Amazon a kansu. Sai ya ɗaga farashin, idan sun biyo shi ya bar shi a sama. Hukumar ta ce ribar da aka samu ta haka ta zarce dala biliyan ɗaya. Amazon ya ce ba haka manufar tsarin take ba, kuma ya daɗe da daina amfani da shi.

Daga nan sai farashin da ake yanka wa mutum shi kaɗai. Tun 2012 jaridar Wall Street Journal ta gano shafin kamfanin Staples mai sayar da kayan ofis yana nuna farashi mai sauƙi ga wanda ke zaune kusa da shagon abokin hamayya, mai tsada ga wanda ke nesa. Yau abin ya wuce nan. A watan Yulin 2024 hukumar FTC ta nemi bayanai daga kamfanoni takwas da ke sayar da irin wannan hidima, cikinsu har da Mastercard da McKinsey, kuma rahoton farko da ta fitar a Janairun 2025 ya nuna ana iya amfani da wurin da mutum yake, da shafukan da ya ziyarta, da kayan da ya zaɓa ya fasa saye, har da yadda yake motsa linzamin kwamfuta. Ba kowane bambancin farashi ne zalunci ba. Ragin da ake yi wa ɗalibai da tsofaffi bambanci ne, amma a bayyane yake, kowa ya san sharaɗinsa. Wannan kuwa a ɓoye yake, kuma abin da yake aunawa shi ne matsuwarka: wanda ya nemi tikitin jirgi sau biyar a dare ɗaya ya nuna ba shi da zaɓi. Yana kuma karya gasa ta wata hanyar, domin idan kowa farashinsa daban, ba abin da za a kwatanta. Tarayyar Turai ta wajabta tun watan Mayun 2022 a gaya wa mai saye idan na'ura ce ta keɓe masa farashi. Sanarwa ita kaɗai ba ta isa ba a ganinmu. A nuna masa farashin kowa da kowa kusa da nasa.

Yaudarar mai saye ta fi sauƙin hukuntawa, domin a nan ƙaryar tana rubuce. Wani fasinja a Kanada da aka yi wa rasuwa ya tambayi manhajar hira ta Air Canada game da ragin da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Ta ce masa ya sayi tikiti, ya nemi ragin cikin kwana 90. Dokar kamfanin ba ta yarda da neman ragi bayan tafiya ba. Da aka je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa manhajar tana da alhakin kanta. A watan Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce manhajar ɓangare ce ta shafinsa, ta sa ya biya diyyar dalar Kanada 650.88 ban da kuɗin ruwa da na shari'a. Dalilin irin wannan kuskure sananne ne. Manhajar hira ba doka take karantowa ba, kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take hasashe, kuma idan ba ta sani ba sai ta ƙirƙira da cikakken ƙarfin hali. Kamfanin da ke son kauce wa haka sai ya ɗaure ta da takardun ƙa'idojinsa na yanzu, ya sa ta riƙa nuna sashen da ta ɗauko amsa, ya kuma hana ta yanke magana kan maido da kuɗi, garanti, lafiya da shari'a, ta miƙa wa ma'aikaci. Mai saye kuma ya ɗauki hoton hirar da kwanan wata kafin ya biya.

Akwai kuma masu cika baki kan abin da manhajarsu ba ta iya ba. Kamfanin DoNotPay na Amurka ya tallata kansa a matsayin lauyan na'ura na farko a duniya. FTC ta ce bai taɓa gwada ko aikinsa ya kai na lauya ba, kuma ya amince ya biya dala 193,000. Sharhin ƙarya da ake rubutawa a ƙarƙashin kaya da sunan masu saye ya daɗe, sai dai da sai an biya mutane su rubuta, yanzu na'ura tana zubo dubu cikin minti kaɗan. Amurka ta haramta shi da ƙa'idar da ta fara aiki a watan Oktoban 2024, da tarar da a lokacin ta kai dala 51,744 kan kowane laifi guda.

Wanda ya fi ciwo shi ne hukuncin da na'ura ke yanke wa mutum bai san an yi ba. Daga 2012 zuwa 2020 shagunan magani na Rite Aid a Amurka sun yi amfani da kyamarar gane fuska domin kama ɓarayi. An cika rumbunta da hotuna marasa kyau, ba a auna yawan kuskurenta ba, ba a horar da ma'aikata ba. Aka riƙa bin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ana bincikensu a gaban jama'a, kuma kuskuren ya fi yawa a unguwannin baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya. A Disambar 2023 aka hana kamfanin amfani da fasahar na shekara biyar. A harkar bashi da inshora haka abin yake. Ko an cire jinsi da ƙabila daga bayanan, na'ura tana gano su ta bayan gida, daga unguwar mutum, da irin wayarsa, da lokacin da yake cika fom. Hanyar kama wannan ita ce a auna sakamako: a ɗauki masu neman da kuɗin shigarsu da tarihin biyansu iri ɗaya ne, a ga ko ana amince musu daidai. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disambar 2023, a shari'ar kamfanin SCHUFA na Jamus, cewa makin da ake ba mai neman bashi shi kansa hukuncin na'ura ne muddin banki ya dogara da shi sosai, saboda haka kamfanin da ya fitar da makin ba zai ce lissafi kawai ya yi ba.

Duk waɗannan a ƙasa suke faruwa. A sama kuma, masu samar da fasahar kansu 'yan ƙalilan ne. Horar da babbar manhaja yana buƙatar dubban ƙwaƙwalen lissafi na musamman, waɗanda Nvidia ke sayar da mafi yawansu, da manyan cibiyoyin kwamfuta, waɗanda Amazon da Microsoft da Google ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwar hayarsu. Su ne kuma ke zuba kuɗi a kamfanonin da ke ƙera manhajojin: Microsoft kimanin dala biliyan 13 a OpenAI, Amazon dala biliyan 8 a Anthropic zuwa ƙarshen 2024, Google ma ya zuba a Anthropic. Rahoton FTC na Janairun 2025 ya nuna cewa wani babban kaso na irin wannan kuɗi yana komawa ga mai zubawar ne a matsayin kuɗin hayar kwamfuta. Dokar sayen kamfani galibi tana jiran a sayi hannun jari ko kadarorin kamfani kafin ta motsa, to sai aka samo wata hanya. A watan Maris na 2024 Microsoft ya ɗauke shugaban Inflection, wani kamfanin ƙera manhajar hira, da kusan dukan ma'aikatansa, ya biya kuɗin lasisi, ya bar kangon kamfanin a tsaye. Hukumar kula da gasa ta Birtaniya ta ce wannan haɗewa ce a idon doka, ta bincika, ta wanke shi. Wanke shi ba shi ne muhimmin abu ba. Muhimmin abu shi ne ta ƙi yarda sunan da aka ba cinikin ya hana ta dubawa.

Haɗarin da ke tafe a nan an riga an ga irinsa. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 saboda fifita shafinsa na kwatanta farashi a sakamakon bincike, kuma sai a Satumban 2024 kotun ƙoli ta tarayyar ta tabbatar da hukuncin. Shekara bakwai, lokacin da da yawa daga cikin waɗanda aka danne sun riga sun durƙushe. A shafin bincike aƙalla mutum yana ganin amsa goma. Mataimakin da ke cikin waya amsa ɗaya yake bayarwa, wani lokaci ma shi zai yi sayayyar. Idan ya zaɓi kayan mai gidansa, ko na wanda ya biya, ba ta inda mai saye zai sani.

Shi ya sa muke cewa a fara da rajista. Duk kamfanin da ke barin manhaja ta yanka farashi ko ta yanke wa mutum hukunci, doka ta wajabta masa ajiye, na wasu shekaru, sigar manhajar da ta yi aiki a kowace rana, da bayanan da aka zuba mata da inda aka samo su, da abin da ta ba da shawara, da abin da aka zartar a ƙarshe, da sunan wanda ke da ikon tsayar da ita. Masu sayar da manhajar farashi su riƙa miƙa wa hukuma jerin abokan cinikinsu, domin daga wannan jeri kaɗai za a ga kasuwar da manyanta duka ke shan ruwa a rijiya ɗaya. Idan hukuma ta nuna alama, misali farashin abokan hamayya ya fara tashi tare bayan sun ɗora manhaja ɗaya alhali kuɗin da suke kashewa bai canza ba, to kamfani ne zai kawo bayani, wanda bai ajiye rajista ba kuma a ɗauki hakan a kansa. Hukuma ma tana iya gwada nata ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: ta buɗe asusu goma na gwaji masu bambancin wuri, waya da tarihin sayayya, su nemi kaya ɗaya a minti ɗaya, a rubuta abin da aka nuna wa kowanne.

Tara ita kaɗai ba ta tsorata babban kamfani, ko da yake dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024 ta kai ta har yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Hukuncin da ya fi cizo shi ne wanda FTC ta ɗora wa Everalbum, wani kamfanin ajiyar hotuna, a 2021 da Rite Aid daga baya: a goge bayanan da aka tara ba bisa ƙa'ida ba, a kuma goge manhajar da aka horar da su. Sannan a faɗaɗa tsarin yafe wa wanda ya fara tona asiri, ya haɗa da injiniyoyi da ma'aikatan kamfanonin manhaja, a ba su kariya daga kora da ƙarar karya yarjejeniyar sirri. A shari'ar Trod ɗan kasuwa ne ya kai rahoto domin shi ya ƙulla abin. A inda manhaja ce ta koya da kanta, mai shagon ma ba lalle ya sani ba, sai wanda ya zauna ya duba sakamakon gwajin.

Wassalam.

Mu ne naka,
wasu masu aikin shari'ar kasuwanci da nazarin tattalin arziki.